Goyon Ƙarfe Zuwa Yamai

Duk bikin da aka yi a unguwar Gesse, da zarar mun haɗu da tsofaffin abokan aiki sai wata ta ce, "Kulu, don Allah ba mu labarin ɗanki na Yamai." Na gaji da maimaitawa. Kowa kuma sai ta ƙara nata gishirin, har na ji ana cewa wai a kurkuku na kwana. Ban kwana a kurkuku ba. Ga yadda aka yi, in kun karanta ku bar ni in ci tuwon biki cikin kwanciyar hankali.

Lokacin muna jihar Sakkwato, ba a yanke mana Kebbi ba. Ina aiki a wani ofishin gona a Birnin Kebbi, ina buga tafireta, sai aka kawo kwamfuta aka ce mai saurin hannu ta matso. Akwai ƙanana da muke bugawa a kansu, akwai babba guda a ɗaki mai sanyi, ita ke ajiye duk abin da muka buga. Uwa muke ce mata. Ko Manaja sai ya tuɓe takalmi yake shiga ɗakinta.

Aikin da na fi daɗewa a kansa na Malam Garba ne, tsohon malamin gona mutumin Argungu, wanda nake ce wa Baba. Tun bayan farin da ya sa mutane suka cinye irin shukarsu, ya ɗauki babur yana bin ƙauyukan fadama, daga Augie har wajen Bunza, yana roƙon tsofaffi ɗan tafin irin shinkafar gargajiya. Ya tara ɗaruruwan 'yan jakunkuna a sito a Argungu. Lamba kawai ke jikin kowace jaka. Sunan iri, da ƙauyen da aka samo shi, da inda ake shuka shi, duk suna cikin Uwa, ni na buga su yana zaune a gefena yana gyara mini. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wurin shuka. Akwai mai bin ruwa, ambaliya na hawa tana hawa. Akwai ta gefen fadama, wadda in ruwa ya kai mata wuya ta mutu. In aka musanya su, an yi asarar iri ke nan har abada. Baba ya riga ya ce damanar bana dole a shuka su duka a sabunta, don sun fara tsufa a jaka.

Cikin bazarar nan abubuwa suka haɗe mana. Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, aka kai shi asibitin Sakkwato ba ya gane kowa. Littattafan da yake rubutu a ciki tuni gara ta gama da su. Uwa kuma ta fara wani hali: in na kira sunan iri sai ta fito mini da wasu zane-zane da fuskoki masu dariya a tsakiyar suna. Ana cikin haka wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, Uwa ta yi shiru. Ko ɗan gurnanin nan da take yi in an kunna ta babu.

Za ku ce ina kwafi? Akwai kwafi. Duk Juma'a nake kwafewa a ƙananan faya-fayai masu laushi, a kai su sito a Argungu a ajiye tare da iri. Ruwan farko ya zo da iska ya yaye kwanon sito, suka jiƙe. Altine mai kula da sito, bawan Allah mai tsoron a ce ya yi sakaci, ya shimfiɗa tabarma ya shanya iri, ya jera faya-fayan a gefe su ma su sha rana. Ranar bazara ta Argungu! Da na je na same su sun nannaɗe kamar soyayyar ganda. Na buɗe baki zan yi masifa, na ga yadda tsohon ya tsuguna yana kallona, sai kawai na zauna na yi kuka. Abin da ya sani ke nan, abin da ya jiƙe shanya shi ake yi.

Baturen da ya kafa mana injin ya daɗe da komawa ƙasarsu. Manaja ya yi ta buga waya har aka ce akwai wani Hamani a wata cibiyar binciken gona a Yamai, yana da irin injinmu, kuma ya san cikinsa. Saƙonsa shi ne a ciro faifan ajiya daga cikin Uwa da allon wayoyin da ke haɗe da shi a kawo, kada a buɗe, kada ya bugu, kuma wanda ya buga bayanan ya zo da kansa. Ni ke nan. Maigidana ya ce ba zan tsallaka iyaka ni kaɗai ba, sai aka haɗa ni da Gwaggo Ige, yayar babana, wadda ta tsufa tana kai bandar kifi Gaya da Doso, ga zanen Kabawa raɗau a fuskarta.

Faifan nan baƙin ƙarfe ne mai kama da ƙaramin bulo, da nauyi. Na naɗe shi cikin tawul na rungume. Motar ofis ta bi da mu ta Kalgo da Bunza, kuma hanyar Kamba a wancan zamani ba a cewa komai. Duk ramin da muka faɗa sai in ɗaga hannuwana sama in ce "Wayyo!" Direba ya gaji ya ce in na fi shi iyawa in zo in karɓi sitiyari. A Kamba ya sauke mu, don motar ba ta da takardun fita.

Nan Gwaggo ta dube ni, ga jaka, ga kwano, ga tawul a ƙirji, ta ce, "Ke wagga ɗiya, haka za ki ratsa tasha ana bangazarki? Juyo." Ta ɗora mini shi a baya, ta ja zane, ta ɗaure da majanyi, ta rufa mayafi. Wallahi ban taɓa jin hankalina ya kwanta irin na lokacin ba. Amma fa sai gaisuwa ta fara. Mata na cewa, "Sannu mai jego, ɗan baya barci shikai?" Gwaggo na amsawa, "Barci shikai, ba shi da lahiya, asibiti za mu." Wata mai fura har ta ba ni kyauta don nono ya kawo. Na sha, kunya kamar in nutse.

Ɓangarenmu na iyaka ba a tsananta ba, takardar ofis ta isa. Da muka tsallaka ne muka gamu da jandarma. Su ba sa hayaniya irin ta namu, a hankali suke magana, amma ba sa tsallake komai. Wani dogo ya duba takarduna, ya nuna bayana ya ce ina katin allurar yaro. Na ce ba yaro ba ne. Ya ce to mene ne? Na kwance. Da ya ga baƙin ƙarfe da wayoyi sai ya ja baya, mutanen da ke layi su ma suka dare. Ya kira wani ya kawo sukundireba, ya ce sai an buɗe an ga abin da ke ciki.

Na ce don Allah kada a buɗe. In iska da ƙura suka shiga, shi ke nan. Na yi bayani da Hausa, na yi da Turanci, na ce shinkafa ce a ciki, sai abin ya ƙara lalacewa, don ya ɗauka raina masa hankali nake yi. Gwaggo tana gefe tana sauraren harshensa. Can ta ce, "Kai yaro, mutumin ina ne kai?" Ya ce Maraɗi. Ta tafa hannu. "Ashe Bakatsine na! Bawana na ka tsare ni cikin rana? Maza ɗauko mini kujera." Ya ɗago ya dubi zanen fuskarta, sai ya fashe da dariya. "Tsohuwa, ai tun daga nesa na ji ƙarnin kifi, na san Kabawa sun iso." Suka shiga zagin juna irin na taubasai, ita tana cewa kakanninta suka koya wa nasa cin abinci da miya, shi yana cewa kifi ya cinye musu wayo shi ya sa suke goyon ƙarfe. A ƙarshe ya kai ni wurin babbansu, aka karanta takardar cibiyar, aka buga hatimi. Dogon ya ce in mayar da ɗana in goya. Gwaggo ta bar masa bandar kifi, ta ce sadaka ce ga bayi.

A Gaya muka kwana gidan wata abokiyar cinikinta, Badandiya, wadda ba ta jin Hausa sosai amma ta iya ciyar da baƙo. Ta kawo dambu da kwaɗon zogale da suke kira kopto, yaji kamar za a kashe mutum. Sauron Gaya kuwa ya fi na Argungu rashin kunya, abin da ban taɓa zaton zan faɗa ba. Da safe aka kawo burodi dogo kamar taɓarya, ɓawonsa na yankan dasashi. Na tambaya ko na jiya ne. Matar ta ji haushi, ashe yanzu aka fito da shi daga wuta.

Daga Gaya zuwa Doso zuwa Yamai kwalta ce, amma shingayen jandarma sun fi ramukan Kamba gajiyarwa. Kowane shinge sai kowa ya sauka, a karɓi takardu, a riƙa kiran suna ɗaya-ɗaya kamar 'yan makaranta. Abin da ya burge ni, ba mai gardama. Direba ba ya ɗaukar mutane fiye da ƙa'ida. Na ce wa Gwaggo da a tashar Birnin Kebbi ne da an ƙara mutum huɗu da akuya. Ta ce shi ya sa mu muke isa da wuri.

Yamai ta ba ni mamaki da mata a kan ƙananan babura, da zane da ɗankwali, jaka a rataye, suna tafiya aiki ba mai kallonsu. Na tsaya ina kallo har Gwaggo ta ce in rufe baki. Kogin nasu ya fi gulbinmu faɗi nesa ba kusa ba, amma na ɗanɗana kifinsu, bai kai namu ba, kuma na gaya musu. Mun sauka gidan wata 'yar Argungu da aure ya kai can. Ta rungume mu tana tambayar mutanen da rabinsu sun mutu.

Hamani siririn Bazabarme ne mai tabarau, Hausarsa a karkace, yana ce mini Madam. Ya karɓi faifan da hannu biyu, ya haɗa da injinsa, ya kunna, ya kara kunne. Shiru. Ya kashe, ya sake. Shiru. Sai ya cire shi, ya riƙe a tafin hannu, ya murɗa shi da ƙarfi, fyat, kamar mai watsar da ruwan wanke-wanke.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Kai! Kai Malam! Abin da na goyo tun daga Kamba ko tari ban yi da ƙarfi ba shi za ka wujijjiga?" Gwaggo ta riƙe mini zane. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce a ciki akwai faranti da ke juyawa da 'yar allura mai karantawa, allurar ce ta manne da farantin, sai an fizge ta. Ya mayar ya kunna. Sai na ji gurnanin nan da na sani, a hankali, yana ƙaruwa. Na ce Alhamdu lillahi da ƙarfi har mutanen ofishin suka leƙo.

Ya ce kada in yi murna tukuna. Wataƙila wannan ne tashinsa na ƙarshe, don haka ba za a kashe ba sai an kwashe komai. Ga shi kuma ɓangaren da ke nuna inda kowane bayani yake ya lalace, shi ya sa nake ganin fuskokin nan. Dole ya bi faifan gutsure-gutsure yana kwafewa, sannan mu harhaɗa. Muna tsaka da haka rana ta take, sai na ga kowa na kulle ofis. Ashe su can da tsakar rana gari ke mutuwa, a tafi gida a ci a kwanta, sai la'asar ta kusa a dawo. Mai gadi ya zo zai kashe wutar ginin yadda ya saba. Hamani ya tare ƙofa suka yi ta Zabarmanci, ni dai na ga mai gadin ya tafi yana girgiza kai. Abokan aikinsa sun ce ba su taɓa ganin ya tsallake barcin rana ba. Gwaggo ta fita ta samo mana shinkafa da miya, ya ci a tsaye yana kallon injin.

Harhaɗawar ta ci mana kwanaki. Shi ya san inji, ni na san abin da na buga. Sai ya fito da gutsure a allo, rabin suna a nan, rabin ƙauye a can, ya ce, "Madam, wannan ina ya tafi?" In ce wannan Jan iri ne, na wajen Augie, abin da ke bin sa Ɗan boto. Wani lokaci muryar Baba nake ji yana cewa, "A'a ɗiyata, ba haka anka rubuta shi ba." Hamani ya riƙa maimaita sunayen yana dariya, ya ce mutanen da suka raɗa wa shinkafa suna kamar 'ya'ya ba za su ji yunwa ba. Mafi yawa suka dawo. Amma inda allurar ta manne ta ɗauke fatar farantin, kuma abin da ke wurin ya tafi. Lambobi suka yi tsalle, jaka wajen talatin ba suna, ba ƙauye, ba wurin shuka. Na roƙe shi ya sake gwadawa. Ya cire tabarau ya ce, "Madam, ba a ɓoye yake ba. Babu shi."

Ya buga mana komai a doguwar takarda, ya yi kwafi kashi biyu, ya ce a raba musu wurin ajiya, kuma don Allah kada a shanya. Faifan kuwa bai sake tashi ba. Na saka shi cikin jaka tare da takalma, Gwaggo ta ce ashe haka ake yaye.

Da muka dawo Kamba hadari ya riga ya fara haɗuwa kullum da yamma. Muka ji labari an sallamo Baba daga asibiti, don haka ban bi ta Birnin Kebbi ba, muka hau motar Kangiwa kai tsaye zuwa Argungu. Na same shi da hantsi a rumfar tsakar gida, an jingina shi da filo. Ya rame. Ya gane ni, amma baki ya karkace, magana ba ta fita, hannun da yake rubutu da shi kuma ya mutu. Matarsa Inno ta ce, "Ga ɗiyarka ta dawo daga Yamai da shinkafarka."

Na warware takardar na fara karantawa, lamba da suna da ƙauye. Yana lumshe ido yana gyaɗa kai. Da na zo inda lambobin suka yi tsalle sai na wuce da sauri, ina fatan ba zai lura ba. Ya ɗaga hannun hagu. Na tsaya. Ya dube ni, ya buɗe baki, leɓensa na rawa, wuyansa ya kumbura don ƙoƙari, ba abin da ya fito sai iska. Ya sake. Hawaye suka gangaro masa. Na ba shi biro a hagu, ya yi wani zane da ba ya karantuwa ya yar. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, na ji duk tafiyar da na yi ba ta da amfani.

Washegari na sa Altine ya kwaso jakunkunan da ba su da suna, ba don ina da wata dabara ba, don dai Baba ya gan su. Na zuba masa ta farko a tafin hagu. Ya murza da babban yatsa, ya kai kusa da ido, ya shinshina. Kwanon shan ruwansa na gefe. Sai ya miƙa hannu ya saki ƙwaya biyu a cikin ruwan, ya dube ni. Na ce, "Baba, mai bin ruwa ce?" Ya gyaɗa kai. Ta biyu ya ajiye ta a kan tabarma. Altine ya ce "Allahu akbar," ya tsuguna ya fara ware jakunkunan gida biyu.

Ba ya iya yin da yawa a rana, yakan gaji ya yi barci da iri a hannu. Haka muka bi su har suka ƙare, aka shuka kowace a inda ya nuna, kafin ruwa ya sauko fadama. Bai ga girbinsu ba, Allah ya jiƙansa. Sunayen kuwa ya tafi da su, ban da 'yan kaɗan da tsofaffin manoma suka gane a gona.

Akwai wata jaka cikin na ƙarshe, ƙwayarta ja ce siririya. Da na zuba masa ya daɗe yana kallonta, bai sa a ruwa ba, bai ajiye a tabarma ba. Sai ya kai ƙwaya ɗaya baki yana taunawa da gefen da ke motsi. Inno ta leƙo ta ce, "Wagga ta gonar ubansa ce. Tun da anka kawo ni gidanga nike dahwa ta." Na ce, "Inno, mi as sunanta?" Ta ce, "Wallahi ɗiyata ban taɓa tambaya ba. Tamu kawai shike ce mata." Baba ya saki sauran a cikin ruwa.

Da aka kawo sabon faifai na zauna shigar da bayanai, na zo kan lambarta, gurbin suna ba kowa. Na buga Tamu.